Yadda Sabon Rediyo Ya Ƙaryata Agogon Baba

A layinmu na Gyadi-Gyadi, Babana ne mai riƙe da lokaci. Ba wanda ya naɗa shi. Ya gama aikin gwamnati ba tare da an taɓa rubuta masa makara ba, ya yi ritaya da agogon hannu irin na da, wanda ake wanawa kowace safiya, mutane kuma suka saba tambayarsa ƙarfe nawa ko da akwai waya a aljihunsu. Kullum idan tashar da yake saurare ta buga ɗit-ɗit-ɗit ɗin nan na kafin labaran ƙarfe biyar na yamma, sai ya ɗaga hannu ya duba. Yawanci ba ya taɓa komai. Ya gyaɗa kai, ya sauke hannun.

Ladanin ƙaramin masallacinmu dattijo ne da idonsa ya yi rauni. Da asuba ba ya bukatar kowa, domin gari shiru yake, kiran babban masallacin Juma'a yana iso shi sarai, sai ya bi. Amma da magariba, ga ƙarar motocin titin Zariya, ga janaretocin masu shaguna, ba ya jin komai. Sai ya tsaya a ƙofar masallaci ya dubi Baba. Baba ya dubi jadawalin lokutan salla da aka manna a bango, ya dubi agogonsa, ya ce, "Bismillah, Malam." Haka na taso na gani, kuma ban taɓa ɗauka wani babban abu ba ne.

Shekarar da na gama bautar ƙasa na sami aikin koyarwa a wata makaranta a Tarauni, kunnen Baba na hagu ya fara nauyi. Tsohon rediyonsa kuma ya gaji. Tashoshin ƙasashen waje da yake kamawa a gajeren zango, wasu sun daina zuwa, wasu sai shuuu kamar ana soya ƙosai. Ya kan manna rediyon a kunnen dama, abokansa da ke taruwa a zaurenmu bayan la'asar su yi ta tambaya, "Me aka ce? Me aka ce?" Sai na ƙudura zan haɗa masa kayan sauti na kirki.

Ni mutum ne da ba na sayen abu sai na bincika, wani lokaci har fiye da kima. Sau uku na je shagon wani ɗan Kudu mai sayar da kayan sauti a Tarauni, haifaffen Kano, wanda Hausarsa ta fi tawa Kananci. A karo na uku na zaro takardar tambayoyi daga aljihu, sai ya riƙe ƙugu.

"Malam, rediyo za ka saya ko jarrabawa za ka yi mini?"

"A'a, ina dai so na tabbatar ne."

"To tabbatar. Amma kujerar nan ta kwastoma ce, ba ta ɗan haya ba."

Abin da na ɗauko baƙin akwati ne na hannu, shigowar Turai, mai ɗan gilashi da ke nuna sunan tasha, da sifika biyu da rimot. Hanya uku yake kama tasha. Akwai FM da kowa ya sani. Akwai wani zangon dijital da ake amfani da shi a ƙasashen da aka ƙera shi, wanda mai shagon ya ce kada ma na wahalar da kaina, a nan ba zai kamo komai ba. Na gwada duk da haka, sau biyu, bai kuwa kamo ba. Ta uku ita ce intanet, wadda ta nan za ka kama tashar gari da ta ƙetare, murya tar.

Asabar guda na ɓata ina haɗawa. Na auna zauren da igiyar awo. Sifika ɗaya na rataye a bangon da ke dama da kujerar Baba, daidai tsayin kunnensa idan ya zauna, ɗayar kuma a saman ƙofa domin masu zama a tabarma. Na bi wayoyin da ƙananan ƙusoshi a jikin bango don kada wani ya yi tuntuɓe, ja a ja, baƙi a baƙi, na sake dubawa kafin na jona wuta. Na jawo layi daga batirin solar gidan, saboda kada ɗauke wuta ya katse labarai. Na ɗora ɗan akwatin intanet a kan taga inda sabis ya fi ƙarfi.

Da na kunna FM sai na ji wani siririn tsaki a bayan murya. Ina jin daga inbatar solar da ke ɗakin kusa yake, ko da yake ba zan rantse ba. Wani zai bar shi haka, don bai hana jin magana ba. Ni kuwa na tuna kunnen Baba ne dalilin aikin gaba ɗaya, sai na nemo tashar garin ta intanet, na ji ta fito fes, ba tsaki ko kaɗan. Nan take na yanke shawara duk tashoshin su bi ta can. Na jera su a maɓalli ɗaya zuwa huɗu, na rubuta sunayensu da manyan baƙaƙe na liƙa a ƙasan kowane.

Baba ya zauna, na danna ɗaya. Mai labarai ya yi sallama kamar yana tsaye a tsakiyar zauren. Baba ya juya ya dubi sifikar, ya dube ni, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." 

Cikin abokan zamansa akwai wani tela mai shago a bakin layi, wanda ya girme ni sosai amma bai kai su Baba ba, baki gare shi kamar almakashinsa. Tun ranar ya sa mini suna Injiniya.

"Injiniya, wannan abu yana kama tashar Makka?"

"Yana kamawa."

"To ta lahira fa? Akwai wanda ya tafi da ɗinkina bai dawo ya gwada ba."

Aikin ya yi kyau, wannan ba na shakkarsa har yau. Na gwada yawan datar da yake ci. Na gwada awa nawa batir zai ɗauke shi. Na kashe na kunna don na ga ko zai manta tashoshin. Abu ɗaya ne ban gwada ba, domin bai ko faɗo mini a rai ba.

Bayan kamar mako guda na fara ganin Baba yana zaro ɗan maɓallin agogonsa idan an buga ƙarfe biyar. Yau ya mayar da shi baya, gobe ya tura shi gaba kaɗan, jibi ya sake mayarwa baya. Na tambaye shi, ya ce, "Tsufa ne. Ni da shi duka." Ya yi dariya, amma ba irin dariyarsa ba ce. Na ɗauka gaskiya ne, agogon da ya girme ni ai yana da uzuri.

Da ba don azumi ya kama ba, watakila da har yanzu ba wanda ya lura. A sauran watanni, ba mai damuwa idan magariba ta yi jinkirin minti biyu ko uku. A azumi kuwa mutum na zaune da dabino a hannu, kunnensa a waje. Masu dawowa daga kasuwa suka fara cewa sun baro ana kira a wasu unguwanni, sun iso layinmu sun tarar Ladan na tsaye yana jira. Matasa suna ɗaga waya suna nuna wa juna. Tela ya fara da wasa.

"Malam Ladan, mu namu azumin da gyara ake ba mu ne?"

Washegari ya ce masallacinmu sai kowa ya wanke kwanon kununsa sannan yake tunawa da rana ta faɗi. Aka yi dariya. Ladan bai yi ba. Ya ce shi abin da Alhaji ya faɗa masa yake bi, kamar yadda ya saba. Duk ido ya koma kan Baba, Baba ya dubi agogonsa.

Ran tara ga wata, bayan an idar da salla, Tela ya bar wasa ya yi maganar kai tsaye. Ya ce ba raini ba ne, amma mutane na shan wuya, me zai hana a riƙa duba waya, ga tasa nan ba ta kuskure. Wasu suka ce haka ne. Liman ya ce a bari a gani zuwa jibi. Muka koma gida ni da Baba. Da aka kawo masa abinci ya ɗan taɓa ya ture. A ranar na gane abin da wannan "Bismillah, Malam" take nufi a wurinsa. Tun da ya bar ofis, ita kaɗai ce aikin da ake jiransa ya yi kowace rana.

Gidan da ke jikin namu wata malamar firamare ce 'yar Filato take haya da iyalinta, Kirista ce, mun shekara goma muna maƙwabtaka. Duk azumi Inna tana aika mata kunu da ƙosai, ita kuma idan Kirsimeti ta zo shinkafa da kaza suna shigo mana. Ran sha ɗaya ga wata, da yamma, Inna ta miƙo mini kwano ta ce na kai mata.

Na same ta a tsakar gida tana gyaran alayyafo, ɗan ƙaramin rediyonta mai batir yana kan taga, tashar da Baba ke ji ita take ji. Ina miƙa mata kwanon aka buga ɗit-ɗit-ɗit, mai labarai ya yi sallama.

"Sannu ɗana. Kai, Mama ba ta gajiya. Yaya azumi?"

"Alhamdu lillahi, Madam."

"Ka rame fa. Ko ɗaliban ne suke cinye ka?"

Muka ɗan taɓa hira a kan makaranta, ta juye kunun ta ɗauraye kwanon ta ba ni. Na fito, na zagayo, na sa ƙafa a zaurenmu. Sai na ji ɗit-ɗit-ɗit daga sifikar da na rataye da hannuna. Mai labarai ya yi sallamar da na riga na ji.

Na tsaya da kwano a hannu. Na karanta wannan a makaranta, na kuma san shi sarai. Sautin da ya biyo ta intanet sai an tara shi an aiko, don haka kullum yana bayan na iska. Idan kuma sabis ya yanke na ɗan lokaci, akwatin nan ba ya tsallakewa, daga inda ya tsaya yake ci gaba. Baba tun safe yake kunna shi. Duk yankewar da aka yi a yini tana taruwa, kafin ƙarfe biyar jinkirin ya kai minti biyu, wata rana uku ko fiye. Agogon Baba daidai yake. Rediyona ne yake zuwa a makare, Baba kuma yana gyara mai gaskiya ya bi mai ƙarya.

Na dubi hannunsa don na ga ko zai taɓa agogon. Babu agogo. Sai farin zane a fatar inda madaurin yake zama.

"Baba, ina agogonka?"

"Na kai wa mai gyara a kasuwar Tarauni da safe. Na ce ya buɗe shi ya rage masa gudu. In kuma ya mutu ne ya faɗa mini na haƙura."

Halina ne na sake tabbatarwa kafin na buɗe baki, kuma ko a ranar ban bar halin ba. Na koma da sauri na ari rediyon Madam, na shigo da shi zaure na ajiye a ƙarƙashin sifika. Ƙaramin yana labarin wasanni, babban bai gama labarin gwamnati ba. Na ce wa Baba ya saurara, ina zuwa. Na fita na tare adaidaita.

Mai gyaran agogon yana da ɗan teburi mai gilashi a wata rumfa, agogunan bango uku a bayansa. Na faɗa masa ko ni ɗan waye, numfashina bai dawo daidai ba na tambaya ko ya buɗe.

"Na buɗe me? Tun safe na ajiye shi kusa da nawa ina kallo. Ko daƙiƙa bai ci ba. Minti uku na tarar yana baya, na saita shi, shi ke nan."

"Ba ka rage masa gudu ba?"

"Malam, ni likita ne da zan yanka mai lafiya? Na gaya wa Alhaji tun da safe, wannan agogon zai binne ni da shi. Ya ce shi rediyo ya fi yarda da shi."

Na ce masa laifin rediyon ne, rediyon kuma ni na haɗa shi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya naɗe agogon a ƙyalle ya miƙo mini.

"To ka je ka gyara naka. Nawa ba shi da aiki."

Na dawo saura kamar minti ashirin a sha ruwa. Baba yana nan inda na bar shi, rediyo biyu suna magana a gabansa, abokansa sun riga sun tafi alwala. Na durƙusa na miƙa masa agogon, na yi masa bayani daga farko, ban rage komai ba, har da tsakin FM da dalilin da ya sa na kauce masa. Ya saurara yana ɗaura madaurin a hankali.

"Wato shi bai yi ƙarya ba."

"Bai yi ba, Baba. Ni ne ban duba ba."

Ya daɗe yana kallon fuskar agogon. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "Ni ba komai. Amma Ladan aka fi yi wa dariya, kuma bai ci ba bai sha ba. Ka je ka faɗa masa da bakinka."

Ina tsoron magana a gaban manya, ko a taron malamai sai na rubuta abin da zan ce. Amma wannan na san shi ciki da waje, ba inda zan yi kuskure. Na ɗauki rediyon Madam muka fita tare. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci, ga faranti na dabino da kankana. Na gaishe su, na tsuguna gaban Ladan na ce ina da magana. Na ce jinkirin kwanakin nan daga rediyon da na haɗa ne, yana kawo lokaci a makare, Baba kuma da shi yake saita agogo. Na ce mai gyara ya duba agogon yini guda bai sami aibu ba. Na ce gobe zan gyara shi, duk mai shakka ya zo ƙarfe biyar ya ji rediyo biyu da kunnensa. Na roƙi Ladan ya yafe mini, na roƙi jama'a.

Tela ne ya fara magana, kamar yadda na zata.

"Injiniya! Ashe kai ka ƙara mana azumi? To ladan ƙarin naka ne ko namu?"

Aka fashe da dariya, har Liman. Wani ya ce a ci ni tarar ƙosai na kwana goma sha ɗaya. Wani dattijo ya tambaya ko azumin da aka yi yana nan, Liman ya ce yana nan daram, jinkiri aka yi ba gaggawa ba. Wannan tambayar tun a cikin adaidaita take cina, sai a lokacin na ji ƙirjina ya sauka.

Tela bai saki maganarsa ba. Ya ce duk da haka waya ta fi sauƙi, ita ba ruwanta da rediyon kowa. Ban ga laifinsa ba, don ba ƙarya ya yi ba. Liman ya juya ga Ladan ya ce shi ne mai kira, shi zai zaɓa.

Ladan ya gyara hularsa, ya juya wajen Tela. "Wayarka tana zuwa masallaci kullum?"

"Ai tana aljihuna."

"Kai fa? Ran Talata ina kake da magariba?"

"Na je kai ɗinki Darmanawa."

"To. Alhaji tun da aka gina masallacin nan ban taɓa waiwayawa na rasa shi ba." Ya juya wajen Baba. "Alhaji, ina muke?"

Baba ya dubi jadawali ya dubi hannunsa. "Saura minti biyu."

Tela ya zaro waya ya kalla. Ya mayar aljihu ya jawo farantin dabino gabansa.

Washegari Asabar ce. Na hau tsani na ja siririyar wayar eriya daga bayan akwatin, ta taga, har saman katanga, nesa da ɗakin inbata. Tsakin ya ragu, ko da yake bai tafi duka ba. Na mayar da maɓalli na ɗaya kan FM, na bar sauran ukun a intanet, tunda tashoshin ƙetare ba mai saita agogo da su. Na nuna wa Baba wata 'yar alama a gilashin da zai gane ta wace hanya sauti yake zuwa. Na ce ya yi haƙuri da ɗan tsakin da ya rage. Ya ce kunnensa na hagu ma ba ya jin sa, na daman kuma zai saba.

Ƙarfe biyar saura kaɗan zauren ya cika fiye da kullum, don wasu sun zo ganin gwajin da na yi alkawari. Na ajiye rediyon Madam a ƙasan sifika. Suka buga tare, kamar baki ɗaya. Na sake gwadawa ran Lahadi da Litinin kafin na mayar mata da kayanta, har ta ce ta ɗauka na saye ne ban faɗa mata ba.

Tela bai daina dubawa ba. Kowace magariba ina ganinsa yana leƙa aljihu a ɓoye idan Baba ya ba Ladan izini. Ana saura kwana uku salla wayarsa ta faɗa cikin bokitin ruwan guga, ya kai gyara, aka ba shi aron wata tsohuwa wadda lokacinta ya rikice. Da la'asar sai ga shi a zaurenmu, ya tsuguna gefen kujerar Baba, yana danne-danne.

"Alhaji, don Allah ƙarfe nawa ne daidai? Ina so na saita wannan abar."

Baba ya ɗaga hannu ya faɗa masa, har da daƙiƙa.